Kwana Bakwai A Kan Keke A Bakin Kogin Danub

Akwai wani dattijo a Lakwaja, tsohon malamin makaranta, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa kafin ya ajiye alli. Mutanen unguwa ba su san shi da wani suna ba sai Malam, ba su kuma san shi da wani abin hawa ba sai keke. Tun da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a shekarar 1975 ya sayi baƙin Raleigh, a kansa ya yi ta zirga-zirga tsakanin makarantun ƙauyukan bakin Kwara, rani da damina, har ƙarfen ya gaji shi bai gaji ba.

Malam yana da ɗan fari namiji. Bisa al'ada kuwa bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa zama hira da shi ba, in zai kira shi sai dai ya ce, "Kai." Yaron ya tafi ƙasar Ostiriya a shekarar 2006 don karatun injiniyan ruwa, ya gama, ya sami aiki, ya auri wata Musulma 'yar asalin Bosniya, Allah ya ba su 'ya mace. Da mahaifiyarsa ta rasu a 2017, kafin jirginsa ya sauka Abuja ta kwana biyu a kabari. Tun daga ran nan maganar uba da ɗa a waya ba ta wuce gaisuwa: ina gajiya, yaya sanyi, a gai da mutanen gida.

Akwai kuma wani abu da ke cin Malam a rai. A watan Satumba na 2012 Kwara da Binuwai suka yi ambaliyar da dattawan Lakwaja suka ce ba su taɓa ganin irinta ba, bayan an buɗe madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, har ruwa ya yanke hanyar Abuja kwana da kwanaki. Gidan Malam na ƙasa ne, ruwa ya ci rabinsa. Ya tattara ɗan abin da ya rage na sallamar aiki ya sāke gini da bulo, ya ƙara ciki da falo daga gabas don ɗan farin, ya sa kwado ya rufe. Shekara bakwai ba wanda ya kwana a ciki.

Sa'ad da ɗan ya aiko masa da tikitin jirgi a watan Satumba na 2019, Malam ya sa mabuɗin nan a aljihun 'yar shararsa, da niyyar ba zai dawo ba sai ya ce wa yaron ya komo gida. Shi ma ɗan yana da tasa maganar da ya kasa faɗa a waya. Da ya rasa ta inda zai ɓullo wa al'amarin, sai ya tuna abu guda da ya tabbata uban ba zai ƙi ba. Ya ce, "Baba, akwai wata hanyar keke a bakin kogi, kwana bakwai ce. Ko za ka iya?" Malam ya dube shi sheƙeƙe, ya ce, "Tambayata kake yi?"

MAHAƊAR RUWA UKU

Ran Juma'a da yamma suka shiga jirgin ƙasa daga birnin Biyana zuwa Passau, wani tsohon gari na ƙasar Jamus da ke bakin iyaka. Tafiyar da jirgi ya yi cikin ƙasa da awa uku, ita za su warware da ƙafafunsu cikin mako guda, kimanin kilomita 320.

Shi Danub kogi ne mai tsawon kilomita kamar 2,850, ya taso daga kudancin Jamus, ya ratsa ko ya gogi ƙasashe goma kafin ya faɗa Baƙin Teku. A Passau ne wasu koguna biyu, Inn da Ilz, suke haɗuwa da shi, kowanne da launinsa: na Inn kore-kore mai haske saboda daga duwatsun ƙanƙara ya gangaro, na Ilz baƙi. Malam ya tsaya a tsinin ƙasar da ruwayen suka gamu, ya ga suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba sai can gaba, sai ya ce wannan ai Lakwaja ce aka rage mata faɗi. A jikin bangon majalisar garin kuma ya ga zane-zane da shekaru, kowane zane yana nuna inda ambaliya ta tsaya. Na can sama shi ne na shekarar 1501, na ƙarƙashinsa na watan Yuni 2013, lokacin da ruwa ya kai mita 12.89. Malam ya daɗe yana kallonsu da ɗaga kai, bai ce kome ba.

Da gari ya waye ran Asabar suka je karɓar kekunan haya, a nan fa aka fara saɓani. Ɗan ya riga ya kama guda biyu, ɗaya irin wanda aka saba, ɗaya kuwa mai batir, wanda in mutum ya taka feda sai wani ɗan inji ya ƙara masa ƙarfi. Na biyun nan don Malam aka kama shi, saboda shekara sittin da takwas ba wasa ba ce, ga kuma hawan jini. Malam ya ji kamar an zage shi. Ya ce shi da ya hau gangaren Dutsen Patti da buhun littattafai a kariya, ba a yi injin da zai tura shi ba. Ɗan bai yi musu ba. Ya ɗaura jakunkuna a bayan mai batir ɗin, ya hau, ya bar wa uban ɗayan. Hular kwano ma sai da aka kai ruwa rana kafin Malam ya yarda ya ɗora ta a kan tasa hular.

HANYAR DAWAKI

Ya kamata mai karatu ya san asalin wannan hanya. A zamanin da, kafin a sami jiragen tururi, gangarawa da kaya a Danub ba wuya, ruwa ne ke yin aikin. Komowa ita ce azaba. Sai a ɗaura wa jirage igiyoyi masu kauri, a jera dawaki a bakin gaɓa su yi ta ja, mako da makonni. Da aka kafa kamfanin jiragen tururi a Biyana a 1829, sannu a hankali dawaki suka huta, turbarsu ta zama kufai. Ita ce daga baya aka shimfiɗa wa kwalta aka bar wa masu keke. Don haka ba ta da hawa sai kaɗan, mota ba ta bin yawancinta, kuma kowane 'yan kilomitoci akwai ƙauye da masauki da mai gyaran keke. Yawancin matafiya daga yamma suke fuskantar gabas, don su bi gangaren ruwa, iska kuma ta riƙa tura su ta baya.

Ran farko Malam ne a gaba, ya miƙe wuya yana taka feda sai ka ce saurayi. Suka wuce Obernzell, suka wuce madatsar Jochenstein da aka gama a 1956, suka shiga Ostiriya ba shinge, ba mai tambayar takarda, in ban da wani ɗan allo a gefen hanya. Tsofaffi maza da mata, waɗansu sun girme shi, suna wucewa a kan kekunansu suna yi masa gaisuwarsu ta ƙasar, wadda ɗan ya ce da sunan Allah ake yin ta. Da azahar suka sauka a gindin wata bishiya, suka yi alwala da ruwan kogi mai sanyin ƙanƙara, suka yi ƙasaru, suka ci burodi da cuku da ɗan kilishin da Malam ya ce a nemo masa a kantin 'yan Afirka kafin su taso.

A nan ne Malam ya lura da waɗansu fararen alluna a bakin gaɓa masu manyan lambobi. A Passau ya ga 2,225, yanzu kuwa lambar ta ragu. Ya tambaya. Ɗan ya ce ai Danub ba daga mafarinsa ake ƙirga shi ba, daga bakin teku ake farawa, a wani gari Sulina na ƙasar Romaniya. Watau allon ba abin da ruwa ya riga ya tafi yake faɗa ba, abin da ya rage masa yake faɗa. Malam ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Lissafin tsofaffi ke nan." Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi wa ɗansa ran nan.

Da la'asar hanya ta ƙare musu a gindin dutse, suka shiga ɗan jirgin fito da kekunansu suka haye Schlögen, inda kogi ya ci karo da dutsen da ya fi ƙarfinsa, ya juya baya kamar zai koma inda ya fito, sa'an nan ya sāke juyowa ya ci gaba. Suka kwana nan, sun yi kilomita arba'in.

Kashegari suka bi kwazazzabo mai duhuwar itatuwa zuwa Aschach. A Ottensheim suka shiga wani jirgin fito wanda ba inji ke tafiyar da shi ba. An ɗaure shi da wata doguwar waya da aka miƙa daga gaɓa zuwa gaɓa, in matuƙi ya karkata shi kaɗan sai ƙarfin ruwa ya tura shi ya haye. Tun 1871 ake fito haka a wurin. Malam ya ce da masu kwalekwalen Lakwaja sun ga wannan da sun yi ta salati. Suka isa birnin Linz da almuru, cinyoyin Malam suna zogi, amma ya ce lafiya lau.

MATAKALA 186

Rana ta uku ɗan ya so su wuce Mauthausen ba tsayawa, don sansanin yana kan tudu ne, hawansa kuwa da tsanani. Malam ya ce sam. Shi da ya shekara da shekaru yana koya wa yara labarin yaƙin Hitila a kan allo, wanda mahaifinsa ma yana cikin sojan da aka kwasa zuwa Bama, ba zai zo ƙofar wurin ya wuce ba. Rabin hawan ya sauka ya tura keke, yana tsayawa yana haki, ɗan yana biye da shi a ƙasa shi ma yana tura nasa.

Daga 1938 zuwa 1945 'yan Nazi sun tsare mutum kimanin 190,000 a wannan sansani da rassansa, daga ƙasashe fiye da arba'in, aƙalla 90,000 ba su fita da rai ba. Akwai wani ramin fasa dutse a gefe, da matakala 186, inda ake ɗora wa fursunoni manyan duwatsu a baya su hau, wanda ya faɗi ya tafi da na bayansa. Sojan Amurka ne suka buɗe ƙofar ran 5 ga Mayu 1945. Malam ya tsaya a bakin ramin, ya cire hular kwano, ya ga daga nan ana hangen gonaki kore shar da gidajen manoma. Ya ce ashe gani ya kori ji. Abin da ya fi tsorata shi, in ji shi, ba bangon ba ne, kusancin gidajen mutane ne.

Ko nauyin wurin ne, ko gajiya ce, Malam ya isa Grein da yamma zuciyarsa a ƙuntace. Shi kuwa ɗan a nan ne ya ɗan saki jiki, don wurin aikinsa ne. Ya nuna wa uban waɗansu ramuka da aka rufe da ƙarfe a jere a bakin gaɓa. Ya ce in ma'aunan da ke can sama suka nuna ruwa na tafe, cikin 'yan awoyi sai a kafa ginshiƙai a ramukan nan, a jera allunan alminiyam tsakaninsu, su zama bango. In ruwa ya janye a kwashe. Ya ce a watan Yuni na 2013 ruwa ya kusa kai leɓen bangon amma bai tsallake ba, shi ma yana cikin ƙananan ma'aikatan da suka kwana tsaye suna aune-aune. Yana faɗa fuskarsa tana haske, irin ta yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa gida.

Malam ya ƙirga da yatsunsa, ya ce, "Yuni 2013. Wata tara ke nan bayan ruwa ya ci gidan ubanka. Uwarka a aji ta kwana, a kan benci, mako uku. Kai kana nan kana tsare gidajen waɗansu."

Ɗan ya sunkuyar da kai. Daren nan kifi da dankali aka kawo musu, ba wanda ya ci rabi.

ISKAR GABAS

Rana ta huɗu gari ya tashi da yayyafi, iska kuma ta juya ta dawo daga gabas tana dukansu a ƙirji. Wannan yanki da ake kira Strudengau a da maƙabartar jirage ne saboda duwatsu da ruwa mai juyi, sai da aka gama madatsar Ybbs-Persenbeug a 1959 ya kwanta. Ruwa dai ya kwanta, amma iska ba ta kwanta ba. Kafin hantsi gwiwar Malam ta dama ta fara ciwo, numfashinsa ya riƙa yankewa. Ɗan ya wuce gaba ba tare da ya ce kome ba, ya tsaya daidai gabansa don ya tare masa iska. Karo na farko ke nan da Malam ya bi bayan ɗansa, bai kuwa yi gardama ba.

A wani ƙauye bayan madatsar suka fake a rumfa, ɗan ya tafi neman shayi. Iska ta kayar da kekensa, Malam ya tashi ya ɗaga. Da ƙyar ya ɗaga shi, don nauyinsa ya kusa biyun nasa, ga jakunkuna duka a kai. Ya dubi ɗan gilashin da ke kan keken, inda ya ga na sauran matafiya yana nuna lambobi, ya ga wannan a mace yake. Sai ya tuna kowane dare a masauki yakan ga mutane suna cire batir suna kai wa wuta, amma bai taɓa ganin yaron nan ya cire nasa ba.

Da ɗan ya komo da kofi biyu, Malam ya nuna keken da haɓa, ya ce, "Kai, wannan abin ya lalace ne?"

Ya ce, "Lafiyarsa lau, Baba."

"To, me ya hana ka kunna shi?"

Ɗan ya ajiye shayin, ya ce, "Baba, yaya za a yi inji yana tura ni, kai kana takawa da ƙarfinka?"

Watau kwana uku da rabi, kilomita fiye da ɗari da saba'in, har da tudun Mauthausen, yaron nan yana jan ƙarfe mai nauyi da kayan mutum biyu, bai bari an sani ba. Malam ya juya ya dubi kogi, ya daɗe, shayinsa ya huce. Can ya ce, "Sauke jakunkunan nan ka raba biyu. Nuna mini inda ake dannawa."

Da ya hau ya taka sau ɗaya sai ya ji kamar wani ya sa hannu a bayansa ya tura, irin yadda shi ya taɓa tura yaron nan a filin makaranta ranar da yake koya masa hawa Raleigh. Dariya ta kuɓuce masa. Da la'asar suka hangi Melk, wani ƙaton gini ruwan ɗorawa a kan dutse, gidan 'yan zuhudun Kirista ne tun shekarar 1089, aka sāke gina shi tsakanin 1702 da 1736. Abin da ya burge Malam shi ne ɗakin karatunsu mai littattafai wajen dubu ɗari, da jin cewa akwai makarantar yara a cikin ginin. Ya ce duk inda aka girmama alli da takarda, to, wurin bai lalace ba.

MAGANA TA FITO

Daga Melk zuwa Krems shi ne kwarin Wachau, kilomita talatin da 'yan kai, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. A nan ba madatsa, kogi yana gudu yadda Allah ya yi shi. An sassaƙe jikin tuddai hawa-hawa, an tokare da duwatsu, an shuka inabi, ga shi lokacin tsinka ya kama, ƙanshi ya cika hanya. Rana ta fito, gwiwa ta lafa.

A Dürnstein suka zauna a bakin ruwa ƙarƙashin wani kangon ganuwa. Ɗan ya ce a nan aka tsare Sarkin Ingila Richard, wanda ya kara da Salahuddin Ayyubi a kan Ƙudus. Yana komowa gida ne a ƙarshen 1192 mai mulkin Ostiriya Leopold ya kama shi, ba a sake shi ba sai 1194, bayan mutanensa sun tara azurfa mai ɗimbin yawa sun fanshe shi. Malam ya ga ƙofa ta buɗe. Ya ce, "Ka ji, ko sarki da ya daɗe a ƙasar wani sai da aka fanso shi. Kai nawa ne fansarka?" Ya sa hannu a aljihu ya taɓa mabuɗi.

Ɗan ya ce, "Baba, ina da magana, ka gafarce ni." Ya ce shekara goma sha uku ke nan yana zaune da takardar baƙo, yana biyan haraji, ba ya jefa ƙuri'a, 'yarsa kuwa ba ta san wata ƙasa ba sai wannan. Yanzu ya cika sharuɗɗan zama ɗan ƙasa. Amma fa ko da yake Nijeriya ta yarda wanda aka haifa ɗanta ya riƙe takarda biyu, dokar Ostiriya, in ban da 'yan larurori, ba ta yarda ba. In zai karɓi tasu sai ya ajiye ta gida. Ya ce takardun suna cikin akwatin teburinsa wata takwas, ya kasa sa hannu bai gaya wa mahaifinsa ba. Game da 2012 kuwa, ya ce a lokacin da ya tafi da ya rasa aiki da takardar zama gaba ɗaya, kuɗin bulo da ƙanensa ya ce rance ne daga wani aboki, shi ya aiko, ya roƙa kada a faɗa, don ya san Malam ba zai karɓa ba.

Malam ya fitar da hannunsa daga aljihu ba kome a ciki. Ya ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Ɗan ya ce, "Haka ne, Baba." Ba wanda ya ƙara. Suka hau suka ƙarasa Krems.

Rana ta shida ƙasa ta buɗe, tuddai suka ja baya, hanya ta miƙe a kan tudun kare ambaliya. Kusa da Zwentendorf suka wuce gindin wani rusheshen gini mai dogon bututu, shiru kamar maƙabarta. Tashar lantarki ce ta nukiliya. An gama ta sarai, sa'an nan gwamnatin Bruno Kreisky ta kira ƙuri'ar raba gardama ran 5 ga Nuwamba 1978, waɗanda suka ce ba su so suka yi rinjaye da ƙyar, kashi hamsin da rabi cikin ɗari. Ba a taɓa kunna ta ba. Malam ya sauka ya zagaya ta da ido. Ya tambaya me ya sa ba a nemi ra'ayin mutane ba kafin a zuba dukiya. Kafin ɗan ya amsa, sai Malam ya ɗaga masa hannu, don ya riga ya ji amsar a kansa. Shi ma ya yi gini ya gama, ya sa kwado, bai taɓa tambayar mai ɗakin ba. Daren nan a Tulln, bayan lisha, shi ya fara jan hira. Ya ba ɗan labarin kwanakin ƙarshe na mahaifiyarsa, abin da ta ci, da abin da ta ce, da yadda ta hana a kira shi da wuri don kada a tayar masa da hankali. Sai da agogon cocin garin ya buga ɗaya suka kwanta.

JUMA'A A BIYANA

Ran Juma'a suka yi sammako. Suka haye ta kan madatsar Greifenstein, suka bi gaɓar arewa, kafin azahar sai ga dogayen gidajen Biyana, ga kuma hasumiyar babban masallacin da aka buɗe a 1979 a bakin ruwa, wanda Sarki Faisal na Saudiyya ya ba da kuɗin gininsa. Matar ɗan da 'yarsu suna jiransu a ƙofa. Yarinyar ta rugo ta ce, "Sannu, Kaka," iyakar Hausarta ke nan. Malam ya ce, "Amaryata, ashe kin san mijinki ya gaji."

Da aka sallame, uba da ɗa suka koma inda suka jingine kekuna. Allon bakin gaɓa yana nuna dubu ɗaya da ɗari tara da talatin da 'yan kai. Malam ya dube shi, ya ce, "Shi da sauran tafiya." Sa'an nan ya fito da mabuɗi, ya kama hannun ɗansa, abin da rabonsa da yi tun yaron yana rarrafe, ya danƙa masa. Ya ce, "Takarda taka ce, ka yi shawara da Ubangijinka. Ban ce na ji daɗi ba. Amma ɗakin nan ba ya tambayar fasfo. Abu biyu na ɗora maka: yarinyar nan ta ji Hausa, kuma ka zo ka auna mini bayan gida."

A watan Disamba na shekarar nan ɗan ya zo Lakwaja da iyalinsa da kayan awo. Ya buɗe kwado da kansa, suka kwana goma sha biyu a ɗakin gabas. Ya sa aka ɗaga daɓen ɗakuna, aka yi dakali, aka haƙa lambatu ta bayan gida. Da ambaliyar 2022 ta zo, ruwa ya cika tsakar gida ya rushe bangon madafa, amma a matakala ta biyu ya tsaya, Malam a kan gadonsa ya kwana.

Da wane fasfo yaron yake sauka Abuja in ya zo, Malam bai taɓa tambaya ba, maƙwabta ma da suka so jin ƙwaƙwaf ya ce musu shi ba ma'aikacin shige da fice ba ne. Har yanzu dai ba ya kama sunansa. Amma duk ran Juma'a da dare in waya ta yi ƙara, jikokin gida sun san su ci tuwonsu kada su jira shi, don Malam ya shiga hira ke nan.